Jiragen da Teku Ya Haɗiye: Me Ya Sa Rubuta Su Ya Fi Tsamo Su Muhimmanci?

A watan Afrilun 1986, kamfanin Christie's ya shafe kwanaki a birnin Amsterdam na ƙasar Holan yana gwanjon kayan tangaran 'yan ƙasar Sin fiye da 150,000, kofunan shayi da farantai da kwanuka, haɗe da sandunan zinari sama da 100. Daga cikin jirgin ruwa guda aka kwaso su duka. Sunan jirgin Geldermalsen, mallakar kamfanin fataucin Holan ne da ke safara zuwa Gabas mai nisa, ya kuma nutse a 1752 a kan hanyarsa ta komawa gida. Wani ɗan Birtaniya mai farautar dukiyar ƙarƙashin teku, Michael Hatcher, shi ya gano shi a 1985, ya kwashe duk abin da zai yi kuɗi a kasuwa. Gwanjon ya tara miliyoyin daloli. Ƙasar Sin ta aika masana biyu su ga ko za su fanso wani abu, farashi ya fi ƙarfinsu, suka dawo hannu rabbana.

Tangaran ɗin na nan har gobe, a warwatse cikin ɗakunan masu hali a faɗin duniya. Abin da ya salwanta shi ne jirgin kansa. Ba a bar wa masana cikakkiyar taswirar wurin ba, ba a rubuta yadda aka jera kaya a cikinsa ba, ba a yi nazarin katakonsa ko kayan ma'aikatansa ba. Mafi tsadar abin da jirgin ya ɗauko ma ganyen shayi ne, tangaran ƙaramin kaso ne na darajar kayan, amma da yake ruɓaɓɓen shayi ba ya sayuwa, an watsar da shi kamar shara. Wannan takaici ne ya sa Sin ta kafa sashenta na binciken kayan tarihin ƙarƙashin ruwa a 1987. A shekarar ce aka gano wani jirgin fatauci mai shekaru kusan 800 a gaɓar kudancin ƙasar, wanda aka laƙaba wa suna Nanhai na Ɗaya. Sai da suka yi haƙurin shekara 20 suna koyon aikin, sannan a 2007 suka zura masa ƙaton akwatin ƙarfe, suka ɗago shi ɗungurungum da lakar da ke lulluɓe da shi, suka kai shi gidan tarihin da aka gina dominsa a lardin Guangdong. A can aka ci gaba da tone shi a tsanake, aka fitar da abubuwa kimanin 180,000, kowanne an san daga inda ya fito.

Tsakanin waɗannan jirage biyu maganar take. Ni dai a ganina, darajar jirgin da ya nutse tana cikin bayanin da yake ɗauke da shi, kuma wannan bayani sau ɗaya tak ake iya karanta shi. Duk wanda ya ɗaga tulu daga inda ya kwanta shekara ɗari biyar ba tare da ya auna ya rubuta ba, ya yage shafi daga littafin da ba shi da kwafi na biyu.

Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa akwai jiragen ruwa kimanin miliyan 3 kwance a ƙarƙashin tekunan duniya, kuma ɗan ƙalilan ne daga cikinsu aka taɓa leƙawa. Ba jirage kaɗai ba ne a can ƙasa. Akwai garuruwa, irin su Fot Royal ta Jamaika da girgizar ƙasa ta tura cikin ruwa a 1692, da Heraklion ta Masar da aka gano a 2000 kusa da Iskandariyya. Akwai jiragen sama na yaƙi, da tsoffin tashoshin ruwa, da tarkunan kifi na dutse, da kwale-kwalen da ke cikin lakar koguna da tafkuna. Amma jirgi yana da wata baiwa da kufai ba shi da ita. Gari kan mutu ne a hankali: mutane su kwashe kayansu, na baya su rushe su yi gini a kai, zamani ya cakuɗe da zamani. Jirgi kuwa a yini ɗaya yake mutuwa, wani lokaci cikin 'yan mintoci. Duk abin da ke cikinsa, daga igwa har tsefen matuƙi da ƙashin naman da aka ci jiya, abin da ake amfani da shi ne a wannan rana, kuma tare suka sauka.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Uluburun, a gaɓar kudancin Turkiyya. A 1982 wani mai nutso da ke tsinko soso ya ga wasu faifan ƙarfe a ƙarƙashin ruwa, ya kwatanta su da biskit mai kunnuwa. Masana suka gane cewa curin jan ƙarfe ne irin na zamanin da. Daga 1984 zuwa 1994, ƙarƙashin jagorancin George Bass sannan Cemal Pulak, aka yi nutso fiye da sau 22,000 a zurfin da ya haura mita 40, inda mutum ba ya iya wuce kimanin minti 20 a kowace shiga. Jirgin ya nutse ne kusan shekara 3,300 da suka wuce. An sami jan ƙarfe tan 10 da kuza tan 1. Ga wanda ya san ƙira, wannan lissafi kaɗai ya isa labari: kashi goma na jan ƙarfe da kashi ɗaya na kuza shi ne haɗin tagulla, ke nan jirgin ya ɗauko abin da za a ƙera makaman runduna guda. Ga curin gilashi shuɗi, ga hauren giwa da haƙoran dorina, ga baƙin itacen Afirka, ga ƙwan jimina, ga wani ɗan hatimin zinari mai ɗauke da sunan Sarauniya Nefertiti ta Masar. Da mafarautan dukiya ne suka riga isa wurin, da zinarin kawai za su tsince, jan ƙarfen a narkar, mu kuma mu rasa shaidar cewa tun wancan zamani kayan ƙasashe da dama ke haɗuwa a cikin jirgi guda.

Wani lokaci ma abin da aka raina shi ke zuwa da babban labari daga baya. A 2008 masu haƙar lu'ulu'u a Oranjemund ta Namibiya suka ci karo da Bom Jesus, jirgin Fotugal da ya ɓace a 1533 a hanyar Indiya. Hankalin duniya ya tafi kan tsabar zinari kimanin 2,000 da ke ciki. Amma akwai hauren giwa fiye da 100, kuma da yake an adana su yadda ya kamata, shekaru 12 bayan haka masana suka binciki ƙwayoyin halittarsu, suka gano cewa giwayen dajin Afirka ta Yamma ne daga garke 17 daban-daban, waɗanda mafi yawan zuriyarsu ba a ƙara samun irinta a yau. Masu tonon 2008 ba su san za a yi wannan tambaya ba. Dalili ke nan da ya sa ake rubuta komai, a adana komai tare.

To yaya ake rubuta jirgin da ke ƙarƙashin ruwa? Abin da mutane da yawa ba su zata ba shi ne, rabin aikin a tudu ake yin sa, cikin ƙurar ɗakunan ajiye takardu. Rajistar tashoshin jirage, takardun inshora, shari'o'in da aka yi bayan haɗari, wasiƙun matuƙa, tsoffin jaridu. Lokacin da aka je neman Endurance, jirgin Ernest Shackleton da ƙanƙara ta matse ta nutsar a Tekun Weddell na yankin Antaktika a 1915, abin da aka riƙe a hannu shi ne lissafin da matuƙinsa Frank Worsley ya rubuta a littafinsa. A ranar 5 ga Maris 2022 aka same shi a zurfin mita 3,008, kimanin mil 4 kacal daga inda Worsley ya ce. Bayan takardu sai mutanen ruwa. Masunci ya san inda ragarsa ke maƙalewa, ya san inda kifi ke taruwa ba gaira ba dalili, kuma da yawa daga manyan jiragen da aka gano, masunta da masu nutson soso ne suka fara nuna wurin. Hukumar da ta mayar da su abokan gaba ta toshe wa kanta ido.

Daga nan sai na'urori. Akwai wadda jirgi ke ja a baya tana harba sauti hagu da dama, amsa-kuwwar ta dawo ta zana hoton ƙasan teku da inuwar duk abin da ya ɗago. Akwai mai auna zurfi da ɗaruruwan harbi a lokaci guda, ta fitar da tudu da kwarin wurin. Akwai mai shinshino ƙarfe ta hanyar maganaɗisu, wadda kan tona asirin igwa ko anga ko da yashi ya binne su, da wata mai ratsa laka ta nuna abin da ke ƙasa. Duk waɗannan alama kawai suke bayarwa. Gani ya kori ji, sai mai nutso ya sauka, ko a tura mutum-mutumi mai kyamara inda zurfi ya fi ƙarfin ɗan Adam. A da, masu nutso kan kafa ragar sanduna a kan wurin, su auna kowane abu da tef, su zana da fensir a kan allon roba. Har yau ana yi. Sai dai yanzu akan ɗauki dubban hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta ɗinke su ta fitar da siffar wurin yadda za a juya ta ko'ina a kuma auna ta. Da hotuna fiye da 700,000 aka yi wa Titanic irin wannan a 2022. Wannan hanya ta rage tsadar aikin ƙwarai a ruwa marar zurfi, domin kyamara mai kyau da mai nutso da ya sami horo sun isa a fara.

Sannan a zo ga tambaya mafi wuya: wane jirgi ne? Ba kasafai ake samun ƙararrawa mai suna ba. Sai an haɗa shaidu, zoben shekarun da ke jikin katako, irin ƙusoshin da aka yi amfani da su, kwanan watan da ke kan tsabar kuɗi, tambarin maƙera a jikin igwa. Kuskure a nan yana da tsada. A shekarun 1980 wasu mafarautan dukiya sun sami tarkacen wani jirgi dab da gaɓar Kilifton a Kef Tawun, suka ce jirgin fataucin Holan ne, suka kwashi abin da suka kwasa, maganar ta mutu. Sai bayan shekaru kusan 30 masanin gidan tarihin Iziko, Jaco Boshoff, da abokan aikinsa suka tono bayanin da wani matuƙi ɗan Fotugal ya bayar gaban hukuma a kan haɗarin da ya yi a daidai wannan wuri. Suka koma ruwa, suka tarar da sandunan ƙarfe masu nauyi, irin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasan jirgi don ya daidaita. Wata takarda a Fotugal ta nuna an loda wa jirgin São José sanduna irin waɗannan fiye da dubu kafin ya bar Lisbon. Jiragen bayi ne suka fi buƙatarsu, saboda mutane ba su da nauyin ganguna, kuma suna mutuwa a hanya nauyin ya ragu. Ashe kabarin mutum fiye da 200 ne aka yi shekaru ana ɗauka tarkacen 'yan kasuwa.

Duk wannan bayani a rajistar ƙasa yake ƙarewa: suna in an sani, wuri, zurfi, shekara, halin da ake ciki, haɗarin da ke barazana, da ranar da aka duba na ƙarshe. Ostireliya na da jirage kimanin 8,000 a tata rajistar, mafi yawansu ma daga takardu aka san su, ba a kai ga gano inda suke kwance ba. Dokarta ta 1976, wadda aka sabunta a 2018, tana kare duk jirgin da ya cika shekara 75 a ruwa, an gano shi ko ba a gano ba. A 1993 ta yi wani abu mai hikima: ta yi afuwa ga duk wanda ke ɓoye da kayan jirgi a gida, ya fito ya bayyana a rubuta ba tare da an hukunta shi ba. Amfanin rajista ba na masana kaɗai ba ne. Ranar da za a yashe tashar jirage, ko a shimfiɗa bututun mai ko wayar intanet a ƙasan teku, injiniya zai tambaya ko akwai wani abu a hanyar. In babu rubutu, amsar ita ce babu, injin ya bi ta kai. Akwai dai tsaka mai wuya a nan: bayyana ainihin wurin jirgi tamkar ba ɓarawo kwatance ne. Shi ya sa hukumomi da yawa kan buɗe labarin ga kowa, su ɓoye lambobin wurin ga jiragen da ke cikin haɗari.

Mai karatu zai ce, in ana tsoron ɓarayi, me zai hana a tsamo jirgin a kai gidan tarihi kowa ya huta? A tambayi mutanen Suwidin. Jirgin yaƙinsu Vasa ya kife a tashar Stockholm ranar 10 ga Agustan 1628, a tafiyarsa ta farko, bai fi mita 1,300 da tashi ba. Ruwan Baltik ba shi da gishiri sosai, don haka wata halitta mai kama da tsutsa da ke cin katako a teku kamar yadda gara ke yi a tudu ba ta rayuwa a can. Da aka ɗago shi a 1961, kusan cikakke ya fito. Nan aikin ya fara. Katakon da ya sha ruwa shekara 333 ruwan ne ke riƙe da siffarsa, in ya bushe haka kawai zai motse ya tsattsage. Sai da aka yi shekara 17 ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki don ya maye gurbin ruwan, aka ƙara wasu shekaru yana bushewa a hankali, ba a buɗe gidan tarihinsa na dindindin ba sai 1990. Ana murna an gama, a 2000 aka fara ganin tabo fari da rawaya a jikinsa. Ashe ƙibiritun da katakon ya zuƙa daga ƙazamin ruwan tashar, da ya haɗu da iska da tsatsar ƙusoshi, yana rikiɗewa ya zama asid mai cin itacen daga ciki. Aka sauya dubban ƙusoshi, aka gyara iskar ɗakin, kuma har yanzu ana aikin sake masa matokari saboda nauyinsa na danne shi. Haka Mary Rose na Ingila, da ya nutse a 1545 aka ɗago a 1982: sai 2013 aka kashe masa feshi.

Ƙananan kaya ma haka. Ƙarfen da ya daɗe a teku cike yake da gishiri, in ya sha iska sai ya fara ɓarɓashi, igwar da ta jure shekara 300 a ruwa ta lalace cikin 'yan shekaru a farfajiyar wani ofis. Sai an jiƙa shi a magani, wani lokaci da wutar lantarki, na watanni ko shekaru. Fata da igiya da tufa sai an daskarar da su an zuƙe ruwan. Tsamo jirgi bashi ne da ƙasa ke ci wa jikokinta, kuma Suwidin na iya biya ne don maziyarta fiye da miliyan ɗaya ke shiga ganin Vasa a shekara. Jirage nawa ne a duniya za su ja irin wannan jama'a?

Saboda haka ne ƙa'idar farko a wannan fage ta zama a bar abu inda yake, sai in akwai dalili mai ƙarfi na ɗaga shi. Laka marar iska ma'adana ce da babu gidan tarihin da ya kai ta. A 2018 aka sanar da gano jirgin Girkawa mai shekara 2,400 a zurfin kilomita 2 cikin Bahar Aswad, da itacen filafilansa da kujerun matuƙa suna nan ba su ruɓe ba, domin ƙasan wannan teku babu iskar da ƙwayoyin ruɓa za su shaƙa. Amma kada a fahimci barin abu a wurinsa da yin watsi da shi. Aiki ne: a rufe katakon da ya tonu da buhunan yashi ko shimfiɗa ta musamman, a dasa ciyawar roba mai tare yashi, a maƙala wa ƙarfe dunƙulen zinki wanda tsatsa za ta ci a maimakonsa, a kafa kejin ƙarfe a kan tuluna kamar yadda Kuroshiya ta yi don masu nutso su gani ba su taɓa ba, a kuma riƙa komawa ana dubawa. Ina jin haushin yadda wasu gwamnatoci ke fakewa da wannan ƙa'ida don kada su kashe ko sisi. Jirgin da ba a rubuta ba, ba a kuma zuwa duba shi, ba adana shi aka yi ba.

Abin da ya faru a Tekun Jaba na Indunusiya ya isa misali. A Fabrairun 1942 sojojin ruwan Japan suka nutsar da jiragen yaƙin Holan a can, ciki har da De Ruyter da Java, da ɗaruruwan mutane a cikinsu. A 2002 masu nutso suka gano su. A 2016 wata tawaga ta koma don shirin cika shekara 75 da yaƙin, ta tarar da ramuka a ƙasan teku, siffar jiragen kawai ta rage a laka. Masu satar ƙarfe sun yayyanka su sun kwashe, haka ma jirgin Birtaniya Exeter. Jirage masu nauyin dubban tan, da ƙasusuwan mutane a ciki, suka ɓace ba wanda ya ankara. Ban da ɓarayi akwai manyan jiragen kamun kifi masu jan raga a ƙasan teku, waɗanda ke niƙe tuluna su watsa katako kamar garma ta bi ta kan gona. Ga jiragen yaƙin duniya da tsatsa ke ci da mai a cikinsu, waɗanda tarihi ne kuma barazana ce ga gaɓa a lokaci guda.

Doka ta daɗe tana bayan wannan matsala. Tsohuwar dokar teku ta ceto an yi ta ne don a saka wa wanda ya taimaki jirgin da ke cikin haɗari, sai kamfanoni suka riƙa amfani da ita a kan jirgin da ya nutse tun ƙarni uku, suna cewa ceto suke yi. Ƙirƙiro tulun iska na nutso da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka yi a 1943 ya buɗe ƙofar ga kowa. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba ƙasa cikakken iko a mil 12 daga gaɓarta, da wani iko a kan kayan tarihi har mil 24, bayan nan maganar ta yi rauni. UNESCO ta zo da yarjejeniya ta musamman a 2001, ta fara aiki a 2009. Ta ce duk wata alamar rayuwar ɗan Adam da ta yi shekara 100 a ruwa gado ce. A fifita barinta a wurinta, kada a yi cinikinta, a girmama gawarwaki, kuma kada a fara tono sai an tanadi kuɗin adanawa da wallafa sakamako. Ƙasashe fiye da 70 sun shiga. Amurka da Birtaniya ba su shiga ba, galibi saboda batun ikon da suke so a kan jiragen yaƙinsu. Ma'aunin shekara 100 kuma ya bar giɓi: Titanic bai shiga inuwarta ba sai 2012, jiragen Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sai daga 2039. Dole dokar cikin gida ta cike, kamar yadda Afirka ta Kudu ta sa nata ma'aunin a shekara 60.

Akwai hujjar da masu goyon bayan kamfanoni ke kawowa, kuma bai kamata a yi mata kunnen uwar shegu ba. A 1998 masunta suka gano wani jirgi kusa da tsibirin Belitung na Indunusiya, jirgin Larabawa na ƙarni na 9 wanda aka ɗinke katakonsa da igiya ba ƙusa, ɗauke da tangaran Sin kimanin 60,000. Ruwan ba zurfi, mutane sun fara ɗiba, gwamnati ba ta da masana ko kuɗin tsaro. Ta ba wani kamfani lasisi, ya kwashe cikin zango biyu, a 2005 aka sayar wa Singafo kayan a kan dala miliyan 32. Masu kare aikin sun ce da an jira, da ba a sami komai ba, kuma an bar mafi yawan kayan a haɗe, jama'a na ganinsu a gidan tarihi. Masu suka sun ce aikin da ya kamata ya ci shekaru an yi shi cikin watanni, har cibiyar Smithsonian ta Amurka ta janye baje kolin da ta shirya bayan ƙorafin masana a 2011. Na fahimci halin da Indunusiya ta shiga. Amma darasin da na ɗauka shi ne, ƙasar da ba ta horar da 'ya'yanta tun kafin a gano jirgi ba, ranar da aka gano shi zaɓi biyu kawai za ta tarar, ɓarawo ko ɗan kasuwa. Kuma kayan sun bar ƙasar da aka same su.

Ko an kori ɗan kasuwa, da sauran rina a kaba: gadon wa? A 2007 kamfanin Odyssey na Amurka ya kwaso tsabar azurfa da zinari kusan 600,000, nauyin tan 17, daga wani jirgi a Tekun Atilantika, ya kai su Fulorida a ɓoye. Sifaniya ta nuna wa kotu cewa jirgin yaƙinta ne, Mercedes, da Birtaniya ta nutsar a 1804, kuma jirgin yaƙi yana nan mallakar ƙasarsa duk daɗewarsa a ruwa. Ta yi nasara, a Fabrairun 2012 jiragen sojinta biyu suka ɗauke dukiyar. Ita ma Peru ta shigar da ƙara, ta ce a ƙasarta aka haƙo azurfar aka buga kuɗin, ba ta sami komai ba. Irin wannan taƙaddama ce ke kan San José, wani jirgin Sifaniya da ya nutse a 1708 da mutum kusan 600, Kolambiya ta gano shi a ruwanta a 2015. Kolambiya na cewa nata ne, Sifaniya na cewa tutarta ce a kai, wani kamfanin Amurka na cewa shi ya fara gani, al'ummar Qhara Qhara ta Bolibiya kuma na cewa kakanninsu ne aka tilasta wa haƙo azurfar a Potosí. Doka ta san tuta, ta san iyakar ruwa. Wanda guminsa ko jikinsa ne kayan da ke cikin jirgin, har yanzu ba ta ba shi kujera sosai ba.

A nan ne batun ya fi taɓa ni. An rubuta tafiye-tafiyen jiragen bayi kimanin 36,000 a Tekun Atilantika, waɗanda suka ɗebi mutum kusan miliyan 12.5 daga Afirka. Kimanin 1,000 daga jiragen sun yi haɗari, amma waɗanda aka gano aka tabbatar ba su taka kara sun karya ba. Ba zinari a cikinsu, don haka ba wanda ya damu ya nema. Clotilda, jirgi na ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka, ya ɗauko mutum 110 daga Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, a 1860, aka ƙone shi aka nutsar a kogin Mobil na jihar Alabama don a ɓatar da shaida. Zuriyar mutanen sun yi shekara fiye da 150 suna ba da labarin ana yi musu kallon masu tatsuniya, sai 2019 aka tabbatar da tarkacen. Jirgin Mendi kuwa ya nutse a mashigin ruwan Ingila ranar 21 ga Fabrairun 1917, bayan wani jirgi ya buge shi cikin hazo, da 'yan Afirka ta Kudu 616, kusan dukansu baƙaƙen fata da aka ɗebo aikin ƙarfi a fagen yaƙi. Masu nutso sun yi shekaru suna tsintar kayansa kafin a ba wurin kariya a 2009. Ƙararrawarsa ta ɓace, sai a 2017 wani da bai bayyana kansa ba ya ajiye ta a bakin wata gada ya kira ɗan jarida, aka mayar da ita Afirka ta Kudu a 2018.

São José, wancan jirgin na gaɓar Kilifton, ya tashi daga Mozambik a farkon Disambar 1794 da mutum fiye da 500 a ɗaure, zai kai su Birazil. Ranar 27 ga watan ya faɗa kan duwatsu, kusa da gaɓa ƙwarai har aka iya jefa igiya. Matuƙi da ma'aikatansa duk sun tsira. Mutum 212 suka mutu a ruwan, waɗanda aka tsamo da rai kuma aka sayar da su a Kef cikin 'yan kwanaki. Babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a takardun da aka samu. A watan Yunin 2015, bayan an tabbatar da jirgin, aka kawo ƙasa daga Mozambik, masu nutso uku, daga Mozambik da Afirka ta Kudu da Amurka, suka shiga ruwan da ita suka zuba.